Awa talatin ba a ji ɗuriyata a gida ba: yadda na yi da katangar intanet a Guangzhou

A watan Oktoba na 2024 ubangidana ya tura ni Guangzhou, a ƙasar Sin, karo na farko, in dubo masa leshi da yadi, in tsaya a kan kayan har a loda kwantena. Shekara tara ina tare da shi a Kantin Kwari, kuma duk shirin da na yi a kan biza da kuɗin guziri ya ƙare. Takardar gayyata daga kamfanin da muke hulɗa da shi, zuwa Abuja a ɗauki hoton yatsu, katin rigakafin shawara, canjin dala a Wapa, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Maganar waya kuwa sau ɗaya aka yi mini ita, a tsaye, ana haɗa kaya. Wani maƙwabcin shagonmu ya ce, "Ka dai sa VPN kafin ka tafi." Na ce masa ai ina da ita, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet da aka toshe. Gaskiya na faɗa, domin tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, na sauke wata ta kyauta, ta kuma yi mini aiki a wancan lokacin ba tare da matsala ba. Na ɗauka toshewa duk iri ɗaya ce. Wannan zaton shi ne tushen duk wahalar da zan ba da labari.

Saƙon ƙarshe da na tura gida daga filin jirgin Adis Ababa ne, wajen ƙarfe goma na dare agogon Kano. Na ce wa maiɗakina da zarar mun sauka zan kira. Bayan tafiyar awa goma da wani abu muka sauka a filin jirgin Baiyun da la'asar. An ɗauki hoton yatsunmu a na'ura, na cike ɗan katin shigowa, jami'in shige da fice ya tambaye ni otal ɗin da zan sauka da ranar komawa, ya buga hatimi. Duka bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ina ɗaukar jakata na kunna waya, layina na Najeriya bai nuna sabis ko sanda ɗaya ba, domin ban je an buɗe mini shi don aiki a ƙasashen waje ba. Na nemi waifai na filin jirgin, shi kuma yana so ya turo lamba ta saƙon tes, ga shi layina a mace. Wata ma'aikaciya ta nuna mini wata na'ura da ake ɗora fasfo ta fitar da 'yar takarda mai lambar shiga. Na shiga, alamar waifai ta cika, amma WhatsApp ya tsaya yana ta juyi. Facebook haka, Gmail haka, taswirar Google fari fat. Na kunna VPN ɗina, ta yi ta lilo kusan minti biyu sannan ta ce ta kasa. Na canja ƙasa, Amurka, Jamus, Holan, duk amsa ɗaya.

Abin da ya cece ni a wannan yammacin lambar wayar dillalinmu ce da na rubuta a bayan tikiti. Mutumin Maraɗi ne, ya haura shekara goma a can. Na roƙi matar da ke teburin tambaya ta kira mini shi. Ashe yana wani gari mai suna Yiwu, sai washegari zai dawo. Ya yi wa direban tasi kwatance da Sinanci, ya ce mini, "Ƙanena, ka je ka huta, gobe kafin azahar ina nan." Kiran bai fi minti biyu ba, kuma a ruɗen da nake ciki bai zo mini a rai in ce ya sanar da gida ba. Har yau wannan yana damuna.

A otal ɗin, a unguwar Xiaobei, suka karɓi fasfo suka yi hotonsa. Doka ce a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda cikin awa 24, otal ne ke yi maka, in kuwa a gidan wani ka sauka sai ka je ofishinsu da kanka. Na hau ɗaki na shiga waifai da niyyar in sauke wata VPN ɗin. A nan na gane girman abin. Play Store ta Google ce, ba ta buɗewa. Shafukan kamfanonin VPN ɗin su ma a toshe suke. Wato maganin yana bayan ƙofar da kake neman mabuɗinta. Masu iPhone da asusunsu na Najeriya ne sun ɗan fi samun sauƙi, amma ban da masu asusun Sin, domin tun 2017 Apple ya cire irin waɗannan manhajoji daga rumbunsa na ƙasar Sin. Bing kaɗai ya buɗe mini, shi ma duk abin da na latsa a sakamakon sai ya ƙi shiga. Na yi tunanin in sauka titi, domin ta taga ina hango baƙaƙen fata suna kai da kawo, amma ga dalolin mutane a ƙuguna, ga dare, ga ban san kowa ba. Na zauna a bakin gado ina lissafi: Guangzhou tana gaban Kano da awa bakwai, yanzu a gida azahar ta wuce, sun san jirgi ya daɗe da sauka. Mahaifiyata tana da hawan jini. Barcin da na yi a daren nan bai kai awa biyu ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe dillalin ya iso. Ko zama bai yi ba ya kunna mini hotsifot daga wayarsa ta biyu, mai layin Hong Kong. Nan take wayata ta fara rawa a hannuna, saƙonni suna shigowa kamar an ɓalle famfo. Kiran da aka yi mini a WhatsApp ya haura arba'in. A Kano ƙarfe huɗu ne na asuba, amma ina tura "Na sauka lafiya" sai ga alamar an karanta. Maiɗakina ba ta kwanta ba. Ta ce tun magariba ƙanena yake bin shafukan labarai yana duba ko wani jirgi ya faɗi, an kuma ɓoye wa Hajiya, an ce mata na kira tana barci. Bayan sallar asuba Hajiya ta turo saƙon murya, ta ce, "Ɗan nan, ko ba ka da kuɗin waya ai ka ara ka ce mana ka isa." Na ajiye wannan saƙon, ban goge shi ba.

Daga nan muka wuce shagon kamfanin waya don in sami layin ƙasar. Ba a sayar da layi a bakin titi kamar yadda aka saba a da a wurinmu, kuma ba kowane ƙaramin shago ke iya yi wa baƙo rajista ba, sai babban ofishi na ɗaya daga cikin kamfanoni ukun nan, China Mobile, China Unicom ko China Telecom. Muka ɗauki lamba muka jira kamar minti arba'in. Ma'aikaciyar ta karɓi fasfo, ta duba biza, ta ɗauki hoton fuskata ina riƙe da fasfon, na sa hannu a allo. Na biya yuan 100, kuɗin wata ɗaya da ɗan abin da ya rage a ciki. Ina fitowa na sa layin, data tana gudu kamar iska, amma WhatsApp yana nan inda yake. Dillalin ya yi mini bayanin da ya kamata in ji tun a Kano. Duk layin da aka saya a cikin ƙasar, da duk waifai na otal ko na kanti, ta ƙofofin gwamnati suke fita zuwa duniya, kuma a ƙofofin ake tacewa. Facebook da Twitter da YouTube tun 2009 suke a rufe, Google da Instagram tun 2014, WhatsApp tun 2017. Su kansu mutanen ƙasar katanga suke kiran abin, kewaye shi kuma suna ce masa tsallake katanga, manhajar da ake yi da ita suna ce mata tsani. Layin waje kuwa, irin nasa na Hong Kong, idan yana yawo a cikin ƙasar, datarsa sai ta koma kamfaninsa na asali kafin ta fita intanet, shi ya sa tacewar ba ta shafe shi.

Duk da haka layin ƙasar ba asara ba ne, kada wani ya fahimce ni a baibai. Da shi na buɗe WeChat, wato WhatsApp ɗinsu, wanda in babu shi babu ciniki a can. Kowane mai shago a kasuwar yadi ta Zhongda, kafin ya gaya maka farashi zai miƙo maka waya ka ɗauki lambarsa ta QR. A nan zai turo maka hoton samfur, a nan za ku yi ciniki, manhajar tana fassara muku. Wajen buɗewa sai da ta nemi wani mai tsohon asusu ya tabbatar da ni, dillalin ya yi. Da layin ne kuma direban Didi, manhajar kiran tasi, yake kiranka, da shi masu kai kaya sito suke nemanka.

A ranar da yamma, ina kan hotsifot ɗinsa, na sauke VPN ta kuɗi. Wajen biya katina na naira ya ƙi, sai da na kira wani abokina a Kano mai katin dala ya biya mini kusan dala 13 na wata ɗaya, ya turo mini bayanan shiga. Da safe tana aiki lafiya, har kiran bidiyo na yi. Amma daga ƙarfe takwas na dare, daidai lokacin da gida suka idar da azahar ake son a yi hira, sai ta fara yankewa. In haɗa, ta yi minti uku, ta faɗi. Kwana biyu ina fama kafin wani yaro ɗan Zariya mai karatun likita, da muka haɗu a gidan abinci, ya karɓi wayar ya shiga saitin. Ya ce in daina zaɓar Amurka ko Ingila, in riƙa zaɓar Hong Kong, Japan ko Singafo saboda kusanci. Sannan ya kunna wani zaɓi da ke ɓad da kamannin VPN ɗin. Yadda ya bayyana mini, katangar ba sunan shafi kaɗai take dubawa ba, tana duba siffar abin da ke wucewa, in ta ga ya yi kama da VPN sai ta gwada kwamfutar da ke ɗaya ɓangaren, in ta tabbatar ta toshe adireshinta. Ta kyauta da nake da ita, dubban mutane ne a kan adireshi kaɗan, an daɗe da gane su. Ya ƙara da cewa akwai lokutan da ake ƙara matsewa, kamar farkon Oktoba lokacin bikin ranar ƙasa, da watan Maris lokacin babban taron majalisarsu. Bayan gyaran nasa abin ya yi sauƙi, ko da yake ba a rasa daren da sai na canja ƙasa sau uku ko huɗu.

Akwai masu tsayawa a bakin shagunan waya a Xiaobei suna cewa za su sa maka tsani a kan yuan 50. Wani ya kama hannun rigata yana nuna mini YouTube yana aiki a wayarsa. Na so in ba shi, dillalin ya hana ni. Ya ce wayar da manhajar bankinka take ciki, da hotunan rasiɗan Alhaji, ba ka miƙa wa wanda ba ka sani ba ya sa mata abin da ba ka san asalinsa ba, domin duk abin da ka yi ta kwamfutarsa zai bi. Na san mutanen da suke amfani da irin wannan ba abin da ya same su, amma ni ban ga dalilin yin kasada da dukiyar wani ba.

Matsalar da ta fi cin raina ta zo a kwana na biyar. Alhaji ya turo kuɗi asusuna don in tura wa ɗan canjin da zai ba mu yuan a can. Na buɗe manhajar banki, VPN tana kunne a kan Japan, sai ta ce an ga shiga daga sabon wuri, in sa lambar da aka turo wa layina. Layina kuwa a mace yake. Mai leshi ya ba ni zuwa jibi in kawo kafin alƙalami ko ya sayar wa wani, ga lokacin baje kolin Canton ne, masu saye sun cika gari. Na kira Alhaji na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa, kuɗin sun shigo amma ba ni da ikon taɓa su." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai ba a yi komai ba, bari in tura ta wani wajen." Ya rufa mini asiri, amma na san na jawo masa ɗawainiya da ƙarin kuɗin canji. Ƙanena ya je ofishin kamfanin layin a Kano da hoton katina na ɗan ƙasa, ranar farko aka ce sai mai layin, rana ta biyu bayan na yi magana da su ta bidiyo aka buɗe. Na kashe wayar na kunna, sai ga sabis, sai ga saƙonnin banki suna shigowa. Karɓar tes bai ci mini ko kwabo ba. Na gwada kunna data a layin, WhatsApp ya buɗe kai tsaye ba tare da VPN ba, kamar ina Sabon Gari, amma cikin 'yan mintuna katin naira dubu biyar ya ƙare. Sai na mayar da shi na ko-ta-kwana. Wani abin da na koya a makon shi ne in riƙa kashe VPN kafin in buɗe WeChat ko Didi ko Alipay, manhajar biyan kuɗi, domin in tana kunne nauyi suke yi, wani lokaci su ƙi biya gaba ɗaya.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, na tambayi ɗalibin nan abin da ke raina: shin wannan abin da muke yi laifi ne? Bai ɓoye mini ba. Ya ce a dokarsu ba a yarda a fita intanet ta duniya ta wata hanya ba sai wadda hukuma ta amince da ita, kuma a 2017 an fitar da sanarwar hana VPN marasa lasisi. A ƙarshen shekarar an ɗaure wani mutum a lardin Guangxi shekara biyar da rabi saboda sayar da ita, an kuma taɓa cin wasu 'yan ƙasar tara saboda amfani da ita. Manyan kamfanoni suna da tasu hanyar mai lasisi. Baƙo mai kiran iyalinsa ba shi aka fi sa wa ido ba, amma wannan ba izini ba ne. Shawararsa ita ce kada in sayar, kada in sa wa wani ɗan ƙasar, kada in tsaya a gaban jami'i ina nunawa, kuma in bar siyasarsu inda na same ta. Ya ja kunnena musamman a kan WeChat: ana sa ido a kan abin da ke wucewa a cikinta, don haka irin bidiyoyin da muke turawa a zaurukanmu na gida ba tare da mun duba ba, kada in kai su can. Asusun da aka rufe maka a WeChat, lambobin masu kayanka duka sun tafi. Ni a ganina dole a faɗa wa duk mai tafiya wannan a fili, ya san a kan me yake tsaye, shi ya sa ma na fi karkata ga layin waje, wanda kamfanonin ƙasar da kansu suke ba shi sabis.

Da na koma a Afrilun 2025, tun ran gini na yi zane. Mako guda kafin tafiya na je da kaina aka buɗe mini layina don aiki a waje, na tabbatar shi ne ke karɓar saƙon banki. Na sayi eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba, ta data ta kwana talatin a kan dala 30 da 'yan kai, na sa ta a waya tun ina Kano, domin sai da intanet ake sa ta. Kafin ka saya ka danna *#06#, in ka ga lamba mai suna EID wayarka tana ɗauka, in babu, ba ta ɗauka. Yawancin ƙananan wayoyin da muke riƙewa ba su da ita, haka ma iPhone da aka yi don kasuwar Sin masu ramin layi biyu, waɗanda suke da yawa a hannun masu sayar da na hannu. Wanda wayarsa ba ta ɗauka sai ya roƙi wani mai dawowa ya taho masa da layin Hong Kong mai aiki a cikin ƙasar. Na kuma biya VPN biyu na kamfanoni daban, na shiga kowacce na gwada ta a gida, domin eSIM ba ta taimakon kwamfuta a kan waifai na otal, kuma ranar da ɗaya ta kwanta ɗayar takan tashi. Na sauke Sinanci a manhajar fassara yadda za ta yi aiki ba data, na sauke taswirar Amap domin ta Google ko ta buɗe takan nuna ka a gefen inda kake. Na buɗe akwatin imel na Outlook, wanda ke aiki a can, na tura tikiti da takardar otal da hoton biza cikinsa, sannan na buga su a takarda har da adireshin otal da rubutun Sinanci. Na haɗa katin dala da Alipay, abin da aka sauƙaƙa wa baƙi tun 2023, kuma sayayyar da ba ta wuce yuan 200 ba babu ƙarin caji.

Kada ka goge WhatsApp ko ka canja waya kana can, domin sai an turo maka lambar tabbatarwa, in layinka bai kama ba ka rasa shi har ka dawo. Kada kuma ka sayi sabuwar waya a can da nufin amfani da ita nan take, waɗanda ake sayarwa don cikin ƙasar galibi ba sa zuwa da Play Store.

Abu na ƙarshe da na yi, daren da zan tafi, na zauna na sa wa maiɗakina da ƙanena WeChat a wayoyinsu, na tabbatar da su da asusuna, muka gwada kira daga ɗaki zuwa tsakar gida. Na rubuta lambar dillalin da ta otal a takarda na liƙa a jikin firij. Da muka sauka Baiyun, tun jirgi yana gangarawa wajen tsayawa na kunna data, kafin a buɗe ƙofa na tura wa Hajiya saƙon murya, ta amsa ina cikin layin shige da fice.